Kore Shar

Gidan hawa tara ne a Purvciems, gabashin Riga,
tsohon siminti, ya girme ni da shekara goma sha ɗaya.
Iyali sittin da biyu,
injin ɗumama guda a can ƙasa
yana tari duk dare kamar tsohon mashayin taba.

Kafin ni, Zigrida ce mai lissafi.
Shekara talatin tana riƙe da littafi mai baƙin bango:
kuɗin ruwa, kuɗin shara, ƙwan fitilar matakala,
wanda ya biya, wanda ya ce sai fansho ya shigo.
Ran da ta miƙa mini shi ta ce,
"Zuba a kwamfutarki, Laimdota,
amma gefen shafi ba zai shiga ba."
Na duba gefen. Ƴan zane-zanen fensir ne.
Na yi murmushi irin na yaro.

Wata bakwai ina gina manhajar a teburin kicin,
shayi yana hucewa, ina sake ɗora shi.
Na liƙa ma'auni a jikin kowane bututu,
na koya wa lambobi su zo da ƙafarsu duk sa'a.
Ita ta kama yoyon da ke bayan bangon hawa na huɗu,
lita ɗari uku kullum, tun yaushe, oho.
Ita ta ce a toshe tagogin arewa,
sanyi uku sun mai da kuɗinsu.
Lissafin Janairu ya sauka da kashi goma sha takwas.
Har Guntis sarkin gardama
ya ɗaga mini hula a matakala.

Na raba wa ɗakuna launi.
Mai ɓarna ja, mai tattali kore,
na kafe allon a bakin ƙofar shiga.
Ɗaki na ashirin da bakwai kore shar.
Disamba kore, Janairu kore,
dusar ƙanƙara ta binne motoci, shi yana nan kore.
Na ce ma'aunin ne ya mutu.
Na hau da sukundireba a aljihu.

Modris ya buɗe, tsohon direban bas,
kwat biyu a jiki, safa a hannu,
numfashinsa yana fita fari a tsakiyar falonsa.
Ma'auni lafiyarsa ƙalau.
Digiri goma sha ɗaya.
Tun Nuwamba ya murɗe bututun da kansa.
"Magani, burodi, ɗumi," in ji shi,
"fansho biyu take ɗauka, ba uku ba."
Ya haɗa mana shayi.
Bai sha nasa ba, tafukansa yake gasawa da kofin.
"Na ga launina a ƙofa," ya ce.
"Ashe ni ne gwarzon gidan."

Kallon kitse na yi wa rogo, wata uku cur.

Daren nan na buɗe baƙin littafin.
A gefen ashirin da bakwai, ɗan da'ira da fensir,
ƙarƙashinsa kalma huɗu:
matarsa ta rasu, leƙa.
A gefen sha tara: jariri.
A gefen arba'in: ba ya ji, buga da ƙarfi.

Layi tara na ƙara kafin asuba.
In ɗaki ya kwana uku ƙasa da digiri sha shida,
kada a ba shi launi.
A tura wa maƙwabci saƙo: je ka ƙwanƙwasa.
Na sauke allon daga bakin ƙofa.

A taron mazauna na nemi a ware rabin ribar yoyon nan
a zuba a asusun ɗumi, ba tare da sunan kowa ba.
Guntis ya yi sa'a guda yana musu,
sannan ya riga kowa ɗaga hannu.

Na kai wa Zigrida kwamfutar ta gani.
Ta gyara tabarau, ta daɗe tana kallon sabon gurbin,
siriri, can gefen jadawali.
Ta ce, "Ba laifi.
Fensir dai ya fi sauri."